Bin Sawun Umurni: Yadda A Ke Gano Kuskure Cikin Zaɓuɓɓukan Make

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana hanyar da a ke bi a gano inda kuskure ya shiga sa'ad da mutum ya ba manhajar nan da a ke kira make umurni, ita kuwa ta aikata wani abu dabam, ko ta ƙi yin kome. Sha'anin ya shafi malaman da ke koyar da rubuta manhaja a kwalejoji, ya kuma shafi masu bincike waɗanda ke amfani da make wajen harhaɗa littafi ko ƙamus daga fayiloli masu yawa, domin aikinta bai tsaya ga manhaja kaɗai ba.

Stuart Feldman ne ya ƙago make a shekarar 1976, a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, inda aka haifi tsarin Unix. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne abokin aikinsa Steve Johnson ya ɓata safiya guda yana neman kuskure cikin manhajar da ya riga ya gyara, ashe gyaran ne bai shiga ba, domin ba a sake fassara fayil ɗin da ya taɓa ba. Manhaja babba ta kan ƙunshi fayiloli ɗari ko dubu, kowanne sai an juyar da shi daga rubutun da mutum ke iya karantawa zuwa harshen na'ura, sa'an nan a haɗa su wuri ɗaya. Make ita ce ke lura da wanda ya canja da wanda bai canja ba, ta sake gina abin da ya wajaba kaɗai. Ƙa'idodin ginin a ke rubuta su cikin fayil mai suna Makefile. Irin make ɗin da ya fi yaɗuwa shi ne na GNU, wanda Richard Stallman da Roland McGrath suka rubuta a ƙarshen shekarun 1980, kuma a kansa bayanin nan ya ke, sai inda aka faɗi wani.

Tun da ya ke Hausa ba ta riga ta tsayar da kalmomi ga wannan fanni ba, ga waɗanda aka zaɓa. Layin umurni shi ne jerin kalmomin da mutum ke bugawa ya aika wa na'ura. Zaɓi shi ne kalmar da ta fara da ɗan karan nan, kamar -n ko -k, wadda ke sauya yadda make za ta yi aiki. Gurbi suna ne da a ke ajiye wani rubutu a cikinsa, kamar CFLAGS, don a ɗauko shi nan gaba. Tafinta shi ne manhajar da ke juyar da rubutun mutum zuwa harshen na'ura, kamar gcc. Shel kuwa shi ne mai tsaron ƙofa, watau manhajar da ke fara karɓar duk abin da aka buga kafin kowa ya gan shi.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, layin umurni saƙo ne mai bi ta hannuwa da yawa. Shel ya karɓa, ya miƙa wa make, make ta ɗauki nata ta miƙa saura ga wani shel, shi kuma ya kai wa tafinta. Kowane hannu yana da ƙa'idarsa ta karatu, kuma kowanne ya kan cire wani abu ko ya canja shi. Yawancin wahalar da ɗalibai ke sha daga nan ta ke, gama su kan zaci abin da suka buga shi ne abin da tafinta ya ji. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wannan kalma a hannun wa ta tsaya?

Hannu na fari

Aikin shel na farko shi ne ya yanyanka layi zuwa kalmomi, kuma duk inda ya ga fili nan ya ke yanka. A ce mutum yana so tafinta ya sami zaɓi biyu, sai ya buga:

make CFLAGS=-O2 -g

A zuciyarsa ya zuba abu biyu cikin gurbin CFLAGS. Amma shel ya riga ya raba su, don haka make ta ga -O2 kaɗai cikin gurbin, ta kuma ga -g tsaye shi kaɗai kamar nata ne. Da ya ke ba ta da zaɓi mai wannan harafi, sai ta yi ƙara ta tsaya. Wannan mai sauƙi ne, domin an ji kuka an san inda ciwo ya ke. Maganinsa kuwa a kewaye kalmomin biyu da alamar zance, watau CFLAGS='-O2 -g', yadda shel zai miƙa su a matsayin kalma ɗaya.

Mai haɗarin shi ne inda harafin da ya ɓalle ya dace da wani zaɓi na make. Misali mafi kyau shi ne -Wall, wanda kowane malami ke umurtar ɗalibansa su ba tafinta don ya yi gargaɗi a kan rubutu mai shakka. In aka buga make CFLAGS=-g -Wall ba tare da alamar zance ba, make ta kan karanta shi a matsayin zaɓinta na -W tare da sunan fayil all, ma'anarsa kuwa a wurinta ita ce ta ɗauka kamar yanzun nan aka taɓa wani fayil mai wannan suna. Ba za ta ce uffan ba. Tafinta bai ji -Wall ba, bai yi gargaɗi ba, ɗalibi kuwa ya tafi da murna yana tsammani rubutunsa tsab ya ke. Haka nan -I, wanda ke nuna wa tafinta foldar da zai nemi fayiloli: make ma tana da nata -I, sai ta karɓe shi shiru, can daga baya tafinta ya ce bai ga fayil ba, mutum ya yi ta duba foldar yana ganin fayil ɗin a ciki. Haka kuma -s, wanda a wurin mai haɗa manhaja ya ke nufin a rage nauyinta, a wurin make ya ke nufin ta yi aiki ba tare da nuna abin da ta ke yi ba, watau ya ɓalle kuma ya share sawunsa.

Fili kusa da alamar daidai ma ya kan jawo tsaiko. Cikin Makefile an yarda a rubuta CC = gcc da fili a kowane gefe, amma a layin umurni wannan kalmomi uku ne, make kuwa za ta ga alamar daidai ita kaɗai ta ce an ba ta gurbi marar suna.

Babu abin da ya fi nuna yawan hannuwan nan kamar alamar dala. Akwai kalmar $ORIGIN wadda a ke ba mai haɗa manhaja a tsarin Linux, don manhajar ta riƙa neman kayan aikinta a foldar da ita kanta ta ke zaune. In an buga ta haka tsirara, shel na fari zai ɗauka sunan gurbinsa ne, ya duba bai sami kome ba, ya shafe ta. In an kare ta daga shel da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, sai ta isa ga make, ita kuwa a ƙa'idarta dala da harafi ɗaya sunan gurbi ne, sai ta cinye $O ta bar RIGIN, kalmar da ba ta da ma'ana ga kowa. In an ninka dalar don make ta bar ɗaya, sai shel na biyu, wanda make ke kira ya gudanar da aikin, shi kuma ya shafe ta. Tilas sai an yi kariya uku:

make LDFLAGS='-Wl,-rpath,\$$ORIGIN'

Alamar zance ta shel na fari ce, dala biyu na make ne, karkataccen karan kuwa na shel na biyu. Wanda ya fahimci dalilin kowace alama cikin wannan layi ya fahimci rabin sha'anin.

Wane ne ke rinjaye

Gurbi ɗaya yana iya samun abin cikinsa daga wurare huɗu: abin da make ta zo da shi tun asali, abin da ke cikin muhallin shel, abin da aka rubuta cikin Makefile, da abin da aka buga a layin umurni. In sun yi karo, na layin umurni ke kada na Makefile, na Makefile ya kada na muhalli, na muhalli ya kada na asali. Daga wannan jeri ne rikici iri biyu ke fitowa, kuma a ido layukan biyu kamar tagwaye su ke:

CFLAGS=-g make

make CFLAGS=-g

Na farko ya sa -g cikin muhalli ne. In Makefile ya ce CFLAGS = -O2, to, -g ya faɗi, kuma ba wanda zai sanar. Na biyu ya sa shi a layin umurni, saboda haka ya rinjayi duk abin da Makefile ya faɗa game da wannan gurbi. Rinjayen nan kuwa ya wuce yadda mutane ke zato. Marubucin Makefile ya kan rubuta CFLAGS += -Iinclude, watau a ƙara wannan a kan abin da ke akwai, domin ginin ba ya yiwuwa sai da shi. Amma da zarar an ba CFLAGS wani abu a layin umurni, make ta kan yi watsi da ƙarin nan ma. Mutum ya nemi ƙara harafi ɗaya don ya binciki manhaja, sai ginin da ke tafiya lafiya jiya ya rushe da ƙarar fayilolin da ba a gani ba. Mai Makefile yana iya kare ƙarinsa da kalmar override a farkon layin, ko kuma, abin da ya fi kyau, ya ajiye abubuwan da ba makawa sai da su cikin wani gurbi nasa dabam, ya bar CFLAGS ga mai gini ya yi yadda ya so.

Akwai zaɓin -e wanda ke ɗaga muhalli bisa Makefile. Waɗansu su kan kama shi sa'ad da suka ga abin da suka sa a muhalli bai shiga ba. Ba dabara ce mai kyau ba, domin ba gurbi ɗaya ya ke ɗagawa ba, dukansu ne, muhallin mutum kuwa cike ya ke da sunayen da ya manta da su. Har ila yau muhalli abu ne mai saurin zubewa: wanda ya gina manhaja da sunansa, sa'an nan ya buga sudo make install don ya girka ta, ya sani sudo bisa al'ada ya kan share yawancin muhalli kafin ya kira make, sai girkawar ta tafi da waɗansu ƙa'idodi dabam da na ginin.

Wani abu kuma, make ba ta ƙin kowane gurbi da aka ba ta. In an yi tuntuɓen yatsa aka buga CLFAGS maimakon CFLAGS, za ta karɓa ta ajiye, ba kuwa wanda zai taɓa ɗauko shi. Haka in an buga PREFIX da manyan haruffa alhali Makefile ɗin prefix da ƙanana ya sani, kamar yadda ƙa'idar GNU ta tsara, sai manhajar ta sauka a /usr/local maimakon inda aka nufa, wataƙila ma a kan wata da ke can a na amfani da ita. Zaɓin --warn-undefined-variables ba ya kama wannan, domin shi gargaɗinsa a kan gurbin da aka nema ba a samu ba ne, ba ya duban wanda aka ajiye ba a nema ba.

Hanyar warware duk wannan ita ce a tambayi make da kanta. Zaɓin -p ya kan sa ta zazzage duk abin da ta sani, kowane gurbi da abin cikinsa, kuma a bisa kowanne akwai ɗan layi mai faɗin inda ya fito, ko layin umurni, ko muhalli, ko Makefile da lambar layinsa. Rubutun yana da yawa ƙwarai, sai a tace shi da grep a nemi sunan da a ke so. Cikin Makefile kuma a na iya rubuta $(info $(origin CFLAGS)) a sami amsar nan a kalma ɗaya ko biyu. Gani ya kori ji.

Saƙo ya isa, amma ba a yi aiki ba

Akwai lokacin da kome ya tafi daidai, gurbi ya karɓi abin da aka ba shi, amma make ta ce ba abin da za ta yi. Dalili shi ne, ma'aunin make ɗaya ne tak, watau lokacin da aka taɓa fayil. In abin da aka gina ya fi abubuwan da aka gina shi da su sabunta, to, a wurinta aiki ya ƙare. Ba ta riƙe da tarihin zaɓuɓɓukan da aka yi ginin jiya da su. Saboda haka wanda ya gina da -O2 jiya, yau ya dawo da -g, bai canja kome ba a idonta.

Wannan ya fi muni in an taɓa fayil ɗaya ko biyu a tsakani, gama sai a sake fassara su da sabon zaɓi a bar saura da tsoho, a haɗa su cikin manhaja ɗaya. In zaɓin da aka canja ya shafi girman wani tsari da fayilolin ke tarayya a kai, manhajar za ta ginu lafiya, ta riƙa faɗuwa a wurin da ba a ga dalili ba. Abin mamaki, wannan ita ce ainihin cutar da aka ƙago make don ta, ta dawo ta wata ƙofa. Magani shi ne -B, wanda ke tilasta a sake gina kome ba tare da duban lokaci ba, ko a share da make clean in Makefile ya tanadi haka. Manyan ayyuka sun yi wa abin rigakafi: tsarin ginin zuciyar Linux ya kan ajiye layin da aka fassara kowane fayil da shi cikin wani ɗan fayil mai ƙarewa da .cmd, in layin ya canja a sake fassara.

Ɗan'uwan wannan shi ne karon suna. In akwai folda mai suna test, aka buga make test, make za ta ga abu mai wannan suna yana nan, in kuwa ƙa'idar ba ta dogara ga kome ba sai ta ce ai an riga an gama. Sai an rubuta sunan ƙarƙashin .PHONY kafin ta gane aiki a ke nufi.

Kayan bincike da iyakarsu

Zaɓin da a ke fara kamawa shi ne -n, wanda ke sa make ta nuna layukan da za ta gudanar ba tare da ta gudanar da su ba. A nan ne a ke ganin saƙo kamar yadda zai isa ga shel na biyu, har da layukan da marubuci ya ɓoye da alamar @. Amma kada a ɗauka -n tabbaci ne cewa ba abin da zai motsa. Duk layin da ke ɗauke da $(MAKE), ko wanda ya fara da alamar tarawa, a na gudanar da shi ko da -n. Duk abin da aka sa cikin $(shell ...) a na gudanar da shi sa'ad da make ta zo buɗe shi. In kuma Makefile ya jawo wani fayil na ƙa'idodi wanda shi kansa sai an gina, make za ta gina shi da gaske. Saboda haka Makefile ɗin da ba a san marubucinsa ba, karanta shi ya fi gwada shi.

In tambayar ita ce don me aka sake gina wannan, zaɓin --trace, wanda ya shigo da fitowa ta 4.0 a 2013, ya kan faɗi layin Makefile da ƙa'idar ta ke, da fayil ɗin da ya jawo aikin. Shi kuwa -d ya kan faɗi kome da kome, har mai nema ya nutse, domin yawancinsa labarin ƙa'idodin asali ne da make ke gwadawa ɗaya bayan ɗaya. A kan rage shi da -r, ko a nemi --debug=b kaɗai. Abin lura kuma, V=1 da VERBOSE=1 da a ke gani cikin littattafan jagora ba zaɓuɓɓukan make ba ne, gurabe ne da wani Makefile ya san su wani bai sani ba: na farko na Linux ne da Automake, na biyu na fayilolin da CMake ke haifarwa.

Wajen karanta ƙara, layin ƙarshe shi ne mafi ƙarancin amfani, domin make ce kawai ke cewa wanda ta aika ya dawo da kasawa. A hau sama a nemi ƙarar farko. Lambar da ke biye da kalmar Error ta wanda aka aika ce: 127 na nufin shel bai sami manhajar da aka kira ba, 126 ya same ta amma ba ta gudanuwa. Game da ci gaba bayan kuskure, -k da -i sun yi kama amma halinsu ya bambanta. Da -k make ta kan bar duk abin da ya dogara ga wanda ya lalace, ta gina saura, a ƙarshe ta shaida an sami kasawa. Da -i ta kan ɗauki kasawa kamar nasara ta ɗora gini a kanta. Malami ya yi wa ɗalibansa alheri in ya hana su -i gaba ɗaya.

Wakilai da aiki tare

Babban aiki ya kan kasu cikin foldoji, kowace da nata Makefile, make ta sama ta riƙa kiran waɗansu make a ƙasa kamar wakilai. Lambar da a ke gani a make[1] ko make[2] ita ke nuna zurfin wakilin da ke magana. Zaɓuɓɓuka su kan gangara gare su ta cikin gurbin MAKEFLAGS, amma ba duka ba: -C da -f da -o da -W ba su gangarawa. Gurabe na layin umurni kuwa suna gangarawa har ƙasa, don haka CFLAGS ɗin da aka bayar a sama zai kada na kowane Makefile, har na kayan aron da wani ya rubuta da tasa ƙa'ida. MAKEFLAGS ɗin nan kuma a na iya sa shi a muhalli. Wanda ya ga make tana aikata abin da bai ce ba, ya duba ko ya taɓa rubuta shi cikin fayil ɗin buɗe shel ɗinsa shekarun baya ya manta. Sa'an nan in an haɗa -C da -f, make ta kan shiga foldar tukuna kafin ta nemi fayil, ko wanne aka fara bugawa.

Zaɓin -j shi ke ba make izinin gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. Da -j4 huɗu ne iyaka. In ba a sa lamba ba, babu iyaka ko kaɗan, kuma a nan akwai rami. Mutane su kan kwafi make -j$(nproc), inda nproc ke faɗin yawan cibiyoyin aikin na'ura. A na'urar da ba ta da nproc, kamar macOS yadda ya ke zuwa daga kamfani, shel zai yi ɗan gunaguni ya bar wurin fayau, make ta sami -j tsirara, ta saki ɗaruruwan tafintoci gaba ɗaya. Ma'adanar na'ura ta cika, kome ya tsaya cik, ko tsarin ya shiga kashe ayyuka. Sauri ya haifi nawa.

Don kada kowane wakili ya ɗauki huɗu nasa, make ta sama ta kan riƙe tikiti ta raba, duk mai son fara aiki sai ya karɓi ɗaya ya mayar in ya gama. Kafin fitowa ta 4.4, wakilin da aka kira da kalmar make tsirara maimakon $(MAKE) ba ya samun hanyar karɓar tikitin, sai ya yi gargaɗi ya koma aiki ɗaya ɗaya, mai gini yana mamakin jinkiri.

Ginin da ke tafiya lafiya ba tare da -j ba amma ya riƙa faɗuwa jefi-jefi da shi, laifin na Makefile ne. Akwai wani abu da ya dogara ga wani amma ba a rubuta ba, a da sa'a ce kawai ta jera su daidai. Irin wannan yana da wuyar kamawa, domin yau ya faɗi gobe ya wuce. Zaɓi biyu ke taimako. Da -O, na fitowa ta 4.0, make ta kan tattara maganar kowane aiki wuri ɗaya maimakon su cakuɗe. Da --shuffle, na fitowa ta 4.4 a 2022, ta kan hargitsa jerin ayyukan da gangan don ɓoyayyen dogaro ya fito fili, in kuwa ginin ya faɗi sai ta ba da lambar da za a maimaita wannan jerin da ita. Peter Miller ya rubuta wata shahararriyar maƙala a 1997 inda ya nuna cewa rarraba gini ga wakilai shi kansa ke hana make ganin dogaro tsakanin foldoji, ya ba da shawarar a tattara ƙa'idodi duka ƙarƙashin make ɗaya.

Wace make ce ke amsawa

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ga sanin wadda a ke magana da ita, gama sunan ɗaya ne amma masu amsa shi da yawa. A Linux make ta GNU ce. A FreeBSD da NetBSD kalmar make ta kan kira wata dabam ta gidan BSD, ta GNU kuwa sai an girka ta a kira ta gmake. Haruffan da suka yi tarayya a kansu tun da, irin su -f da -n da -k da -s, ma'anarsu ɗaya ce. Waɗanda aka ƙara daga baya kowane gida ya bi son ransa. A gidan GNU -B na nufin a sake gina kome, a gidan BSD yana nufin a koma tsohon salon gudanar da layuka. A gidan GNU -W na neman sunan fayil, a gidan BSD yana nufin a ɗauki gargaɗi a matsayin kuskure. Wanda ya buga -B a FreeBSD yana jiran sabon gini zai sami tsohon kayansa yadda ya bar shi.

Ko cikin gidan GNU shekaru sun raba. Kamfanin Apple ya yi shekaru masu yawa yana ba da fitowa ta 3.81, ta 2006, tare da kayan aikin macOS, ita ce kuwa ta ƙarshe kafin GNU ta koma sabon lasisinta na uku. Wannan fitowa ba ta san --trace ba, ba ta san -O ba, balle --shuffle. Ajin da rabin ɗalibansa ke kan Linux rabi kan Mac zai ga layi ɗaya ya yi aiki a wannan tebur ya ƙi a wancan. Buga make --version ke raba gardama: ta GNU za ta faɗi sunanta da lambarta a layin farko, ta BSD kuwa ba ta san wannan zaɓi ba, rashin sanin nan ma amsa ce. Sa'an nan a duba wane fayil ta karanta, domin in ba a ba ta -f ba, ta GNU ta kan nemi GNUmakefile tukuna, sa'an nan makefile da ƙaramin harafi, sa'an nan Makefile da babba, ta tsaya ga na farkon da ta samu, ko da mai gyara ya kwana yana gyaran na uku.